Tocila da Ruwan Kal: Gwanintar Kama Sankarar Bakin Mahaifa Tun Ba Ta Kankama Ba

Kayan aikin gaba ɗaya ba su cika faranti guda ba: tocila mai haske, safar hannu, auduga a kan tsinke, ƙarfe ko roba mai baki biyu da ake buɗe gaban mace da shi, sai kwalbar ruwan kal, irin wanda ake zubawa a haɗin latas. Da waɗannan kaɗai, ma'aikaciyar jinya ko ungozomar asibiti da ta ƙware tana iya hango sankarar bakin mahaifa shekaru kafin ta zama sankara, ta kashe ta a zama ɗaya, matar ta gyara ɗaurin zaninta ta koma gida ta ɗora tuwon dare. A ganina, cikin duk gwanintar da ake koyarwa a aikin lafiya, da wuya a sami wadda ta haɗa araha da ceton rai kamar wannan. Ƙasar Katagum kuwa, inda mace daga Sakwa ko Udubo ko Disina sai ta yi shiri na musamman kafin ta ga likita a Azare, tana cikin wuraren da wannan gwaninta ta fi dacewa da su.

Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta shekarar 2020 ta nuna mata kusan 12,000 ke kamuwa da wannan ciwo a Najeriya duk shekara, kusan 8,000 kuma suna rasuwa. Ban da sankarar mama, babu wadda ta fi ta kama matan ƙasar nan. Abin takaicin shi ne ita ba ta yin dirar mikiya. Tushenta ƙwayar cutar HPV ce, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, wadda Bajamushen nan Harald zur Hausen ya gano alaƙarta da ciwon a farkon shekarun 1980, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Yawancin mutane, maza da mata, suna ɗaukar ƙwayar a wani lokaci na rayuwarsu, jiki ya kore ta cikin shekara ɗaya ko biyu ba su ma sani ba. A jikin wasu matan ne take maƙalewa. Iri biyu daga cikinta, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara. Daga maƙalewar zuwa ciwo sosai akan ɗauki shekara 15 zuwa 20, ko 5 zuwa 10 ga wadda garkuwar jikinta ta yi rauni, kamar mai ɗauke da HIV da ba ta shan magani. Duk tsawon waɗannan shekaru babu zafi, babu jini, babu wari. Matar tana surfe, tana goyo, tana zuwa biki da suna, alhali wani ɗan fili a bakin mahaifarta yana canzawa a hankali.

A nan dole in tsaya in faɗi wata magana, domin rashin faɗinta ya hana mata da yawa zuwa asibiti. Samun wannan ƙwaya ba shaidar lalata ba ce. Matar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta tana iya ɗauka daga gare shi, shi ma ya ɗauko a wani aure da ya wuce shekaru da dama, bai sani ba. Auren wuri da yawan haihuwa suna ƙara haɗarin, su kuwa abubuwa ne da suka zama jiki a wurinmu.

To mene ne ruwan kal yake yi? Duk matar da ta taɓa yin awara ta riga ta ga sirrin. Idan ruwan waken suya ya tafasa aka zuba masa tsami, sai furotin ɗin da ke ciki ya dunƙule ya fito fari. Ƙwayoyin fatar da suka fara lalacewa a bakin mahaifa cibiyarsu ta kumbura, furotin ya yi musu yawa, sun kuma cunkushe da juna. Da an shafa musu ruwan kal mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin 100, sai furotin ɗin ya dunƙule, haske ya kasa ratsawa zuwa jijiyoyin jinin da ke ƙasa, wurin ya yi fari. Lafiyayyar fata kuwa haske yana ratsa ta, sai ta ci gaba da zama ja-ja kamar yadda take. Farin ba ya daɗewa, bayan 'yan mintuna zai gushe. Likitan Jamus Hans Hinselmann, wanda ya ƙirƙiro madubin duba bakin mahaifa a 1925, yana cikin na farko da suka yi amfani da wannan dabara. Abin da aka gano daga baya shi ne ko babu madubin mai tsada, ido tsirara da haske mai kyau suna iya yin aikin, matuƙar idon ya sha horo.

Mu shiga ɗakin. Labule a sake, ƙofa a rufe, babu namiji. Gwanar ba ta fara taɓa ƙarfe ba, sai ta fara da baki. Ta tambayi matar shekarunta, haihuwa nawa, yaushe ta ga al'ada ta ƙarshe, ko akwai ciki, ko tana ganin jini bayan kwanciya da maigida. Sannan ta ɗauko ƙarfen ta nuna mata, ta buɗe shi ta rufe a gabanta. "Inna, ba allura, ba yanka. Sanyi kawai za ki ji, sai ɗan raɗaɗin tsami. In kin ce in tsaya, zan tsaya." Matar ta ce, "To 'yar nan, Allah ya sa mu ji alheri." Wannan 'yar hira rabin aikin ce. Matar da ke cikin tsoro tana ƙanƙame jiki, ƙarfen ya yi mata ciwo, bakin mahaifar ya ƙi fitowa sosai, gobe kuma ta gaya wa matan gidansu kada wadda ta je.

Idan bakin mahaifa ya bayyana, gwanar tana fara dubawa tun kafin ruwan kal. In ta ga tsiro mai zubar da jini da an taɓa, ko miki mai zurfi, ba ta ɓata lokaci da tsami, wannan na likita ne a yau ɗin nan. In ba haka ba, sai ta share majina da auduga, ta nemi wani layi wanda shi ne ginshiƙin aikin duka. Bakin mahaifa fata iri biyu gare shi: ta waje mai santsi, ja mai haske, da ta ciki wadda ta fi ja, mai ɗan ƙurji-ƙurji. Inda suka haɗu akwai iyaka, kuma kusan duk sankarar a gefen wannan iyaka take tsirowa. Dole mai dubawa ta ga iyakar ta zagaye ƙofar mahaifa gaba ɗaya. Shi ya sa wannan gwaji ya fi dacewa da mata masu shekara 30 zuwa 49. Bayan al'ada ta ɗauke, iyakar takan janye ta shige ciki inda ido ba ya kaiwa, sai a nemi wata hanyar.

Sai ta jiƙa auduga sharaf, ta shafe wurin duka, ta dubi agogo. Minti ɗaya cur. A nan ake gane ɗaliba da gwana. Ga wadda take sunkuye da tocila a hannu, mata talatin na jira a benci, sakan ashirin ji take kamar minti ya cika. Ta ɗaga kai da wuri, ta ce lafiya lau, alhali farin da ke da haɗari yana nan tafe. Gwana ba ta yarda da zuciyarta a kan lokaci, agogo take bi, tana jan matar da hira har hannun agogon ya zagayo.

Karatun farin shi ne inda gwanintar ta taru, domin ba kowane fari ne abin tsoro ba. Akwai fari siriri mai sheƙi wanda ake hango ja ta ƙarƙashinsa, ya zo da sauri ya tafi da sauri. Wannan yawanci sabuwar fata ce da ke girma, ko kumburin ciwon sanyi. Akwai ɗigo-ɗigo a warwatse nesa da iyaka. Akwai 'yan ƙuraje masu majina a ciki, waɗanda suke fari-fari tun kafin a shafa komai, ba su da illa. Akwai layin iyakar da kansa, wanda kan yi fari siriri. Duk waɗannan gwana tana wuce su. Wanda take nema fari ne mai kauri, marar sheƙi, wanda gefensa ya fita sarai har za a iya zagaye shi da alƙalami, ya kuma jingina da iyakar nan, ya daɗe bai gushe ba. Idan tana da ruwan aidin sai ta ƙara tabbatarwa: lafiyayyar fata tana shan aidin ta yi duhu, wadda ta lalace kuwa ta tsaya rawaya.

Kuskure a nan kaifi biyu gare shi. In ta cika tsoro tana kiran kowane fari ciwo, za ta ƙona matan da lafiyarsu ƙalau, ta jefa gidaje cikin fargaba, kayan aiki su ƙare a banza. In ta cika sakaci, za ta sallami mace da albishir, bayan shekara bakwai a kawo ta ranga-ranga. Babu na'urar da ke yi mata ƙara ta ce ga shi nan. Ita kaɗai ce, da idonta da abin da ta tara a kanta na ɗaruruwan bakin mahaifa da ta gani.

Idan ta ga farin gaske, sai hukunci na biyu: na nan ne ko na gaba? In tana ganin farin duka, bai shige cikin ƙofar mahaifa ba, bai rufe fiye da kashi uku cikin huɗu na wurin ba, babu kuma alamar ya riga ya zama sankara, to ana iya gamawa da shi nan take. Da can ana daskarar da wurin ne da iskar gas: minti uku ana daskarewa, a saki minti biyar, a sake minti uku. Wahalar ita ce tukunyar gas mai nauyi da tsada, ga ta da ƙarewa ana tsakar aiki. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wata 'yar na'ura ta hannu mai batir, wadda kanta ke yin zafi zuwa digiri 100. A ɗora shi a wurin sakan 20 zuwa 30, shi ke nan. Ba a sa mace barci, abin da take ji bai wuce murɗar mara irin ta al'ada ba. Na'urar tana shiga jaka, tana hawa babur, ana cajinta da hasken rana. Ga ƙauyukan Zaki da Gamawa da ruwa kan yanke wa hanya da damina, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. Bayan haka za a gaya wa matar za ta ga ruwa yana zubo mata na 'yan makonni, ta ƙaurace wa shimfiɗar miji wata guda, ta dawo bayan shekara. Mahaifarta tana nan, haihuwarta tana nan. Wadda nata ya fi ƙarfin wannan kuwa, a tura ta babban asibiti a yanke wurin da zaren lantarki, ko a ɗebi ɗan nama a kai ɗakin gwaji.

Kada wani ya ɗauka wannan dabarar talauci ce da aka yi wa kwaskwarima. An gwada ta gwaji mai tsanani. A 1999 aka buga sakamakon wani bincike na Jami'ar Zimbabuwe, inda ungozomomin asibiti suka duba mata fiye da 10,000 da ruwan kal, suka kama sama da kashi uku cikin huɗu na masu babban lahani. A gundumar Dindigul ta kudancin Indiya, binciken da Rengaswamy Sankaranarayanan ya jagoranta a kan mata kusan 80,000, wanda ya fito a 2007, ya nuna kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 25 cikin 100, mutuwa kuma da kashi 35. A unguwannin talakawan Mumbai, asibitin Tata ya horar da matan unguwa masu ilimin sakandare, aka bi mata kusan 150,000 na tsawon shekara 12, mutuwa ta ragu da kashi 31. Zambiya kuwa tun 2006 ta ɗora shirinta a kan ma'aikatan jinya, ta haɗa musu da kyamara, suna ɗaukar hoton abin da suka gani, suna zama da likitoci ana bitar hotunan tare.

Amma akwai wani binciken da ya kamata duk mai son wannan aiki ya riƙe. A Osmanabad, a Indiyan dai, sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna gwajin neman ƙwayar HPV kanta ya rage mutuwa kusan da rabi, ruwan kal kuwa a can bai nuna ragin a-zo-a-gani ba. Tsami ɗaya ne, auduga ɗaya ce; abin da ke bambanta sakamako daga wuri zuwa wuri shi ne horo, da sa ido, da ko an yi wa matar magani bayan an gani. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ya san kima, amma idon da ya san kima sai wanda ya daɗe yana kallon mudu. Mudun a nan shi ne ɗakin gwaji, inda ake yanka naman da aka ɗebo siriri, a rina shi, a duba a ƙarƙashin madubi, a dawo a gaya wa mai dubawa ko ta yi daidai. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita gwajin HPV a matsayin matakin farko inda hali ya yi, har mace tana iya ɗebo samfurin da hannunta. Wannan bai kori gwanarmu ba. Duk matar da aka samu da ƙwayar, sai an buɗe an shafa tsamin an duba kafin a san irin maganin da ya dace da ita.

Sauran rabin gwanintar a waje take, a zaure da tsakar gida. Matanmu sun san jini sani na malamai. Tun a Islamiyya an karantar da su bambancin haila da biƙi da istihala, sun san kwanakin kowanne. Sai dai idan jini ya zo ba a lokacinsa ba, ko bayan saduwa, ko ga tsohuwar da ta daɗe da daina al'ada, tambayar da ake kai wa malam ita ce yadda za a yi salla da azumi. Malam ya ba da amsa daidai, magana ta mutu a nan. Ma'aikaciyar da ta san aikinta tana zuwa wurin malaman nan da malamai mata, ta roƙe su su ƙara jumla ɗaya a kan fatawarsu: ki yi sallarki, amma ki je asibiti a duba. Haka take fuskantar maganar nan da ta yaɗu cewa daji ba ya son ƙarfe ko allura. Ba ta yi wa mutane dariya, domin ta san inda maganar ta samo asali: an sha kai mara lafiya a makare, aka yi aiki, ya rasu, sai aka ɗora wa wuƙa laifin da na jinkiri ne. Tana kuma zama da maza, domin izinin fita da kuɗin mota da haƙurin wata guda duk a hannunsu suke. Miji da aka yi wa bayani a gaban mai unguwa, da mutunci, ya fi wanda matarsa ta koma ta gaya masa a ɗaki saurin yarda.

Wannan darasi na jan shugabanni a jiki, Arewa ta biya shi da tsada a lokacin shan inna, bayan dakatar da rigakafi a wasu jihohi a 2003, har sai da sarakuna suka shigo kafin al'amura su daidaita. Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau, maƙwabciyar Katagum, yana cikin waɗanda suka ja sarakunan a jiki lokacin da ya shugabanci hukumar lafiya a matakin farko daga 2008 zuwa 2011. Yana ministan lafiya ne aka ƙaddamar da rigakafin HPV ranar 24 ga Oktoba, 2023, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak, kyauta, kuma Bauchi tana cikin jihohin zagayen farko. Sai dai rigakafin na 'ya'ya ne. Uwayensu da yayyensu da suka riga suka yi aure, dubawa ce kariyarsu.

Azare tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Ita ce mazaunin Sarkin Katagum tun 1916, don haka maganar da ta fito daga fada tana isa har Madara da Chinade da Yana. Tana da babban asibitin tarayya tun farkon shekarun 2000, ga kuma Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021. Ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh cike da 'yan matan da gobe za su koma ƙauyuka su zama malamai. A Abuja kuma akwai cibiyar bincike da maganin ciwon daji ta ƙasa, NICRAT, wadda dokarta ta fito a 2017, ta fara aiki a 2023 ƙarƙashin Farfesa Usman Malami Aliyu. Bincike irin na waɗannan cibiyoyi ba daga sama yake faɗowa ba. Yana farawa ne daga rajistar da ma'aikaciyar nan ke cikawa bayan ta cire safar hannu: shekarun matar, garinsu, zanen da'ira da alamar inda farin ya fito, abin da aka yi mata, ranar dawowa. Ibadan ta fara rajistar masu ciwon daji tun 1960, shi ya sa ake jin muryarta a ƙididdigar duniya. In jami'ar Azare ta ɗauki horar da waɗannan idanu da bitar aikinsu a matsayin nata, ta tattara rajistocin ƙananan asibitocin masarautar, za ta san halin da matan wannan yanki ke ciki da alƙalumanta, ba da kintacen da aka yi daga Legas ba. Hakan kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan abin da iyali ke sha idan ciwo ya nuna, a sayar da gona da dabbobi a tafi Zariya ko Sakkwato ko Abuja layin gashin na'ura.

Burin da duniya ta sa wa gaba tun Nuwamba 2020 shi ne kafin 2030 a yi wa kashi 90 cikin 100 na 'yan mata rigakafi, a duba kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da lahani magani. Na tsakiyar nan yana hannun ma'aikatan jinya da ungozomomi, sun kuma cancanci a horar da su, a ba su kayan aiki, a biya su a kan lokaci.

Ke da kike karanta wannan, in kin kai shekara 30, ko 25 ga mai ɗauke da HIV, ki tambaya a asibitin da ya fi kusa da ke inda ake duba bakin mahaifa, ki je tun ba ki jin komai. Kai kuma maigida, ka ba da izini da kuɗin mota, ka kai 'yarka mai shekara 9 a yi mata rigakafi. Duk wadda ke ganin jini bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke, kada ta jira ranar gangami, ta tafi asibiti a wannan makon.